Ƙurungu a Ƙarƙashin Gidan Bature

Wannan mako ku yi mini haƙuri, zan ajiye zancen girki da ɗinki, in ba ku labarin wani ɗaki da na shiga a Ingila, da ɓarnar da na yi a cikinsa da hannuna biyu. Na daɗe ina juya abin a raina, ko in faɗa ko in bari, don abin kunya ne. Amma na ga ba daidai ba ne kullum in riƙa ba ku labarin abin da na iya kaɗai.

Cikin watan Janairu na 2023 aka tura mu, mu malamai kaɗan, ƙaro ilmi na wata uku a wani gari wai shi Biraitan. Garin yana bakin teku, kudu da Landan, tafiyar kamar sa'a guda a jirgin ƙasa. In kin tsaya a gaɓa kin fuskanci kudu, Faransa ce a ƙetare, ko da ya ke ba a hango ta. Kada ki zaci akwai rairayi irin na bakin gulbinmu. Tsakuwa ce zalla, manya-manya kamar ƙwan zabo, in igiyar ruwa ta janye sai ki ji suna ƙara kamar ana juye gyaɗa a daro. Sanyi kuwa, hunturunmu wasa ne.

Gidajen tsohuwar unguwa a jere su ke, bango guda ya haɗa wannan da wancan, da yawansu sun haura shekara 100. Mafi yawa suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, wanda a ke sauka cikinsa ta matakala. A zamanin da can ne madafa ta ke, can barori ke wuni, kuma akwai rumbun gawayin kwal wanda ya kutsa har ƙarƙashin hanya. Har wa yau in kina tafiya za ki taka wani faifan ƙarfe a daɓen hanya, ta nan a ke zuba gawayin da.

Aka sauke ni gidan wani tsoho da matarsa. Shi ya yi aikin jirgin ƙasa har ya huta, yana cin fensho. Tun ran farko suka ce in riƙa kiransu da sunayensu, wai haka a ke yi a can. Na gwada, bakina ya ƙi. Ina zan dubi sa'ar kakata in kira sunanta gatsau? Sai na ce da shi Baba, ita kuwa Inna, na fassara musu ma'ana, suka yi dariya suka karɓa.

To, na tarad da gardama a gidan. Baba ya shekara ashirin yana kiwon kifi cikin wani ɗan akwatin gilashi a falo, ba don ci ba, ba don sayarwa ba, don kallo kawai. Yanzu da ya sami hutu sai ya ce babba ya ke so, kuma a ɗakin ƙasa zai kafa shi. Inna ta ce sam. Nan ne ta ke wanki da shanya, ga shi kuma a hunturun nan kuɗin lantarki ya yi mugun tashi a Ingila, kowa na kashe fitila yana ƙara bargo. Banda wannan tana da wata hujja da ta yanko daga jarida ta manna a jikin firij. Ran 16 ga Disamba 1922 ba ne, kada ku ce tsohon labari ne, ran 16 ga Disamba 2022 ne, wata guda kafin zuwana, wani ƙaton akwatin kifi da ke tsakiyar wani otal a Balin ta ƙasar Jamus ya fashe da asuba. Tsayinsa mita 16, ruwan ciki lita miliyan guda, kifaye wajen 1,500 kusan duk suka mutu, ruwa ya fasa ƙofofi ya malala har titi, mutum biyu suka ji rauni. Duk sa'ad da Baba ya buɗe firij sai ya yi ido biyu da hoton. Amma ya riga ya biya kuɗin akwati.

Na tambaye shi, don me abin kallo za a kai shi rami, inda baƙo ba ya zuwa? Ya ce sabo da nauyi. Ku 'yan makaranta, ku ɗauko alli mu yi lissafi. Akwatin tsawonsa ƙafa 6, faɗinsa ƙafa 2, zurfinsa ƙafa 2, yana cin ruwa wajen lita 600. Watau jarka 24 ke nan, irin mai lita 25 da masu kura ke turowa. Ko wace lita ta ruwa nauyinta kilo guda, sabo da haka ruwan kaɗai ya yi buhun masara 6 mai kilo 100. Gilashin kansa, ba ruwa, ya fi kilo 100. In kin ƙara yashi da duwatsu da ƙafar ƙarfe da zai zauna a kai, an doshi kilo 900, duk kuwa a fili da bai fi shimfiɗar tabarma ba. Ɗakunan sama na irin gidajen nan daɓensu katako ne bisa ginshiƙan itace. Ɗakin ƙasa kaɗai ke da daɓen siminti a kan ƙasa sosai.

Ran da aka kawo shi, ƙarti huɗu suka ɗauka. Matakalar cikin gida tana da kwana, ba ya juyuwa, sai ta matakalar waje aka bi da shi, ana tafiya taki ɗaya ana hutawa, Inna na tsaye ta rufe ido. Da aka ɗora shi bisa ƙafarsa na ce an gama. Ina! Baba ya ɗauko ma'aunin nan na magina mai ɗan kumfa a tsaka, ya yi rabin wuni yana cusa 'yan ƙarafa a ƙarƙashin ƙafar, yana aunawa, yana sakewa. Ya ce tsohon daɓe ba ya rasa gangare, in kuwa kusurwa guda ta sauka ko da kaurin farce ne, nauyin ruwa zai riƙa murɗa gilashin dare da rana, har wata rana ɗankon da ya haɗa shi ya saki. Sa'an nan ya zuba ruwa sulusi, ya bari ya kwana, ya ƙara, ya bari ya kwana. Inna ce ta kawo dabarar shimfiɗa tsofaffin jaridu kewaye, don ko ɗigo ɗaya ya fita a gani. Ta ce ba taimakonsa ta ke yi ba, gidanta ta ke tsaro.

Ɗakin ƙasa ya raba shi da wahalar nauyi, amma ya kawo tasa. Ma'aunin zafi da ke rataye a bango yana nuna 11, kifayen kuwa 26 su ke so, sai da aka sa sanduna biyu na lantarki masu ɗumama ruwa, aka manna farin soso a baya da gefe don kada ɗumin ya tsere. Ruwan ɗumi a ɗaki mai sanyi tururi ya ke yi, bango ya jiƙe, ya yi funfuna, dole aka yi wa akwatin murfi, aka sayo wata na'ura mai tsotse laima. Wannan Inna ta yi murna da ita a ɓoye, don wankinta ya riƙa bushewa da wuri. Ruwa kuma ba ya hawa tudu, magudanar gidan ta fi daɓen ɗakin tsayi, sai da ɗan injin turawa a ke fid da tsohon ruwa. Wuraren sa lantarki duk aka ɗaga su sama da tsayin akwatin.

Har ruwan famfon garin ma ba a zuba shi haka nan. Tuddan da ke bayan Biraitan alli ne, ainihin allin nan fari, daga ƙarƙashinsa a ke jawo ruwan sha, shi ya sa ko wace butar shayi a garin cikinta ya yi farin ɓawo. Kifayen kogunanmu ba su saba da wannan ba, sai Baba ya riƙa surka shi da ruwan sama da ya tara a ganga. Yana kuma ɗiga wani magani mai kashe ƙarfin kulorin, watau abin da ma'aikatan ruwa ke sawa don kashe ƙwayoyin cuta.

Aka zuba yashi, aka jera duwatsu da saiwoyin itace, aka dasa ciyayi, aka kunna fitila. Abin ya yi kyau ƙwarai. Na ce, "Baba, gobe sai kifi?" Ya ce, "Sai bayan mako biyar, 'yata."

Ya soma yi mini bayanin dalili, amma Turancinsa na sauri ne, ni kuma ina jin nauyin in ce ya maimaita, sai na riƙa gyaɗa kai, abin da ni kaina na ke hana ɗalibaina. Ga abin da ya ke faɗi, wanda ban gane ba sai daga baya. Kifi yana kashi, yana kuma fid da wani abu ta wurin numfashinsa wai shi amoniya. Kun san shi, shi ne ke sa makewayi zarni. A kogi ruwa na da yawa, yana gudu, sai ya tafi da shi. A akwati ba inda za shi, sai ya taru ya ƙone wa kifi wurin numfashi. To, akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, bakteriya, su ke cin amoniya su mai da shi naitirait, shi ma dafi ne. Waɗansu kuma su ci wannan su mai da shi naitiret, wanda ba shi da kaifin cutarwa, ciyayi ma taki ne a wurinsu, ragowar a rage shi da sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ko wane mako. Ƙwayoyin nan ba yawo su ke yi cikin ruwa ba, jikin abu su ke maƙalewa, fiye da ko ina kuwa cikin soson da ke tace ruwa. Kafin su yi yawan da za su ɗauki nauyin kifi, a kan yi mako huɗu zuwa shida. Kun ga yadda Bafilatana kan zuba ɗan nonon jiya cikin madarar yau in za ta yi kindirmo? Haka Baba ya yanko ɗan tsohon soso daga ƙaramin akwatinsa ya tura cikin sabon. Kullum da safe ya ɗebi ruwa a 'yar kwalba, ya ɗiga magani, ya duba launi, ya rubuta a littafi.

Cikin makonnin nan na jira, wata Asabar Inna ta kai ni gidan kallon kifi na garin, dab da gadar nan ta shaƙatawa da ta miƙa cikin teku. An buɗe shi a 1872, wani injiniya mai suna Eugenius Birch ya tsara shi, kuma shi ne mafi tsufa a duniya cikin waɗanda har yanzu a ke shiga. Shi ma sauka a ke yi, yana ƙasa da titi, rufinsa duk bakan gizo ne bisa ginshiƙai, sai ka ce tsohon soron sarki. Da muka komo Baba ya ba ni littattafansa, a ciki na ga abin da ya faranta mini rai: ashe mata ne suka buɗe wannan hanya. Wata Bafaranshiya, Jeanne Villepreux-Power, 'yar baduku ce, ɗinki ta fara yi a Faris, ita ce a 1832 ta ƙago akwatin gilashi a tsibirin Sisili don ta riƙa duba halittun teku da ransu. Wata kuma Anna Thynne a 1846 ta kawo halittun teku gidanta a Landan, ta raya su kusan shekara uku. Ba inji a lokacin, sai kullum 'yar aikinta ta tsaya bakin taga tana sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan, kamar mai shayi, don iska ta shiga. Na so ƙwarai a ce an yaba wa 'yar aikin nan kamar yadda aka yaba wa uwargijiyarta. Sai a 1853 aka buɗe ɗakin kifi na farko don jama'a a gidan namun daji na Landan.

Da mako biyar suka cika aka soma sa kifi, kaɗan-kaɗan, ba gaba ɗaya ba. Na fari waɗansu ƙanana ne masu jan ciki, dangin karfasa, asalinsu ƙoramun kudancin Nijeriya da Kamaru. Bayan kwana bakwai Baba ya shigo da wata leda yana riƙe da ita kamar jariri, ya ce in zo in ga abin mamaki. Na leƙa. 'Yan'uwa, ƙurungu ne! Ƙurungu uku, da gashin bakinsu da ƙayarsu, irin wanda a ke kasawa a kasuwarmu. Da ya faɗi abin da ya biya sai na kama baki. Ashe duk aikin nan, Kogin Kwara ya ke so ya gina a ƙarƙashin gidansa, shi da bai taɓa taka Afirka ba. Suka shige ƙarƙashin saiwa, ɗaya ya juya ciki sama yana iyo abinsa, kamar yadda irinsu kan yi.

Na ƙarshe da aka sauko da shi daga falo shi ne ɗan lelen Baba, shekararsa shida a gidan. Turawa na ce masa mai hancin giwa, ko da ya ke abin da ya zaro ba hanci ba ne, haɓa ce, da ita ya ke tonon tsutsa a laka. Baƙi ne, siriri, tsawonsa kamar taƙi. Yana da lantarki a wajen wutsiya, amma ba irin na minjirya mai girgiza mutum ba, ɗan kaɗan ne, da shi ya ke gane abin da ke kewaye da shi cikin duhu. Irinsa ba sa haihuwa a akwati, duk wanda kika gani daga kogi aka kamo shi. Na ce a raina, wannan ma jirgi ya hau ya zo, kamar ni. Wuni ya ke cikin wani bututun yumɓu, in an rage fitila ya fito ya ci daga yatsun Baba.

Cikin watan Maris 'yarsu ta haihu a wani gari can arewa, suka tafi kwana huɗu. Baba ya ƙulla abincin kifi ƙulli huɗu, ya ce ɗaya ko wace rana, ba wani aiki. Ran farko na sauka, idona ya faɗa kan matacin da ke ƙarƙashin akwatin. Sosunan sun yi ja-ja-ja, da yauƙi, suna warin laka. Na tuna na taɓa ganin Baba yana matsa su cikin bokitin ruwan da ya ɗebo daga akwatin, ruwa ya yi baƙi, ya mayar da su haka nan. Na ce, wankin maza ke nan. Mutanen nan sun riƙe ni kamar 'yar cikinsu, ga abin da zan saka musu da shi. Na kashe injin, na kwashe sosunan na hau da su madafa, na wanke da ruwan zafi na famfo da sabulu, na ɗauraye sau biyar, na shanya su bisa ƙarfen ɗumama ɗaki har suka bushe, suka yi fes. Da yamma na mayar. Kifayen suka taru a gilashi suna kallona, na ga ƙulli ɗaya rowa ne, na ƙara musu daga gwangwani.

Garin neman gira na rasa ido. Abin da aka yi mako biyar ana reno, na kashe shi da wuni guda, na kuma ƙara wa ruwan kaya. Kashegari da yamma ruwa ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. A nan ne babban laifina: na gani, gabana ya faɗi, amma kunya ta hana ni buga waya, na ce bari ya kwana ko zai washe. Da safe na tarar da kifaye a sama suna haki, mai hancin giwa kuwa ya fito daga bututunsa da rana tsaka, yana kwance a gefe. Sa'an nan na buga. Baba bai yi faɗa ba, ya ce in daina ba su abinci, in kwashe rabin ruwan in zuba sabo mai ɗumi, da maganin kulorin. Ban iya injin turawa ba, sai da bokiti. Jarka 12 na hau da su matakala, na sauko da 12, ina yi ina hawaye. Da asuba na sauka na same shi ya mutu.

Da suka dawo na tarye su a ƙofa na faɗi kome, har kwanan da na yi ban buga waya ba. Baba ya sauka shi kaɗai, ya daɗe. Ya naɗe kifin a takarda, ya binne a ɗan lambun baya. Da ya shigo ya ce, "'Yata, ni ne ban nuna miki da kyau ba." Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce zan biya, ya ce ba na sayarwa ba ne wannan.

Sauran kifayen suka rayu, ƙurungu dama da taurin rai. Wani abokinsa daga ƙungiyarsu ta masu kiwon kifi ya zo a daren da wani ƙazamin soso cikin leda, yana ɗiga, Baba ya karɓa da hannu biyu kamar an kawo masa turare. Kwana goma muna sauya ruwa ko wace rana, ana auna shi safe da yamma, har launin 'yar kwalba ya koma daidai. Baba bayansa na ciwo, ni ina makaranta da rana, sai ga Inna ta ɗaura gyale ta sauko, ita ke riƙe tiyo. Ta ce har gobe tana nan a kan bakanta, ɓarnar kuɗi ce, amma ba za ta zauna ta ga rai na wahala a gidanta ba. Hoton Balin kuwa bai bar jikin firij ba.

Ku 'yan makaranta masu kamo 'yan kifi da damina ku sa a kwalba, ku wayi gari sun mutu, ga dalili nan kun ji. Ba yunwa ce ke kashe su ba. In ba ku da babban mazubi da ruwan sauyi, ku kalle su ku mai da su inda kuka ɗauko.

Daren da zan taso muka sauka mu uku. Baba bai sayi wani mai hancin giwa ba, amma ya bar bututun yumɓun a wurinsa, ƙaramin ƙurungun ya mai da shi ɗaki. Muna zaune muna kallo sai Baba ya ce, wai da gaske ne a ƙasarmu ana cin wannan? Na ce ƙwarai kuwa, a karye ƙayar, a yi farfesu da citta da barkono, ko a ƙyafe shi a sa a miyar kuka. Inna ta yi dariya har sai da ta zauna bisa matakala, ta ce in rubuta mata yadda a ke yi, ko banza akwatin ya yi rana. Baba ya tashi ya kashe fitilar kifi, ya ce mu hau, shayi na hucewa.